Dodon ma yana da uwa

Wani dare ina zaune a ƙofar gida, waya a hannu, iyafis a kunne, sai Kawuna ya tsaya a kaina yana leƙen allon. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya ce, "Yanzu kai da gemunka da 'ya'yanka biyu, katun kake kallo?" Na zare iyafis na ce, "Kawu, wannan ba na yara ba ne." Ya ce, "To na wa ne? Zane dai ai zane ne." Ya sa kai cikin gida.

Ban ji haushinsa ba, don abin da ya faɗa shi ne ra'ayin mafi yawan mutanenmu. Amma ra'ayin nan yana jawo mana asara ta fuska biyu. Manya suna raina abin da zai iya sa su zauna su yi wa kansu hisabi, yara kuma ana miƙa musu abin da ya fi ƙarfin zuciyarsu, saboda kowa ya ɗauka duk abin da aka zana wasan yara ne.

Abin da nake kallo a daren shi ne Attack on Titan, wanda Japanawa ke kira Shingeki no Kyojin. Asalinsa littafin zane ne, irin wanda suke ce wa manga, na wani mutum mai suna Hajime Isayama, haifaffen 1986 a wani ƙaramin gari da duwatsu suka kewaye a lardin Oita. Yana ɗan shekara 23 ya fara fitar da shi a mujallar kamfanin Kodansha, a Satumbar 2009, bai ajiye alƙalami ba sai Afrilun 2021, bayan babi 139. Fim ɗin kuwa kamfanin Wit Studio ya fara shi a 2013, MAPPA ya karɓi zangon ƙarshe a 2020 ya rufe shi a Nuwambar 2023. Shekara goma ke nan mutane suna jira zango bayan zango. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya ya yi mini haƙuri, zan fasa ƙwai, don ba yadda zan kare labarin nan ban taɓa cikinsa ba.

Labarin ya buɗe da ragowar 'yan Adam suna zaune a cikin ganuwa uku, wata cikin wata: Maria, Rose da Sina, kowace tsayinta mita 50. Bayan ganuwa akwai dodanni masu siffar mutane, tsirara, wasu da murmushin da ba ya gushewa, ba abin da suke nema sai mutum su haɗiye. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun tashi da tatsuniyar Dodo mai cin mutane, kuma wanda ya girma a Kano ko Katsina ko Zariya ya san ganuwa, ya san ƙofar da ake rufewa da magariba, ya san abin da "cikin gari" da "bayan gari" ke nufi a bakin kakanninmu. Shekara ɗari ganuwar nan tana tsaye, har masu gadin ƙofa suka koma shaye-shaye da caca a bakin aiki. Rana ɗaya wani dodo mai tsayin mita 60 ya leƙo ta samanta, ya sa ƙafa ya fasa ƙofar garin Shiganshina.

Abin da ya biyo baya shi ya kama ni. Yaro ɗan shekara goma, Eren, ya ruga gida ya tarar gini ya danne mahaifiyarsa. Shi da Mikasa, yarinyar da gidansu ke riƙo, suna ta ƙoƙarin ɗaga katakon, sun kasa. Sojan da ya zo ceto ya zare takobi ya nufi dodon, ya kalli fuskarsa, gwiwarsa ta yi sanyi, ya juyo ya sungumi yaran biyu ya gudu. Uwar da bakinta ta ce a tafi da su, amma da suka yi nisa sai ta toshe bakinta da hannu don kada su ji tana roƙon kada a bar ta. Eren yana kafaɗar sojan yana kallo aka cinye ta. A cikin jirgin ruwan 'yan gudun hijira ya yi rantsuwa sai ya shafe dodannin nan daga doron ƙasa, ba zai bar ko ɗaya ba. Ni ma da nake kallo na ce amin a zuciyata, kuma ban san wanda ya kalli wurin nan bai ce ba.

Ta fuskar faɗa da iya zane, ba sai na tsaya dogon yabo ba. Sojojin suna ɗaura wata na'ura a ƙugu mai harba igiyar ƙarfe, iskar gas tana cilla su tsakanin gidaje da itatuwa, kuma dodo ba ya mutuwa sai an sare masa ƙeya. Gas yana ƙarewa, takobi yana dakushewa, a fili marar itace na'urar ba ta da amfani. Wannan ƙa'ida ta sa kowane artabu yana da lissafi, ba a cin nasara don kawai jarumi ya yi ihu. Kiɗan Hiroyuki Sawano kuma yana tayar da tsigar jiki. Amma finafinan faɗa masu kyau suna da yawa. Abin da ya fara nuna mini cewa wannan dabam yake shi ne wani ɗan bayani da aka wuce da shi cikin minti ɗaya: bayan faɗuwar ganuwar farko abinci ya yi ƙaranci, sai gwamnati ta tara 'yan gudun hijira 250,000 ta tura su wai su ƙwato ƙasar da aka rasa. Kowa ya san ba yaƙi aka tura su ba, bakin ci aka rage. Kakan Armin, abokin Eren, yana cikinsu, hularsa kawai ya bar wa jikansa. Daga nan na gane marubucin nan ya san cewa mai mulki na iya fin dodo rashin imani, kuma shi da takarda da hatimi yake nasa.

Zango uku ana tafiya da kai a kan ƙiyayyar dodanni, ana ɗan sako maka abin da zai dame ka. Wani soja, Connie, ya koma ƙauyensu ya tarar ba kowa, ba jini, sai wani dodo kwance a kan gidansu da ƙafafu sirara da ba sa iya ɗaukarsa, fuskarsa sak ta mahaifiyarsa. Dodon ya buɗe baki ya yi masa sannu da zuwa. Sannan a ƙarshen zango na uku aka buɗe ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan su Eren, aka samu littattafan mahaifinsa da wani hoto, abin da mutanen cikin ganuwa ba su taɓa gani ba. Ashe duniya ba ta ƙare ba. Ashe tsibiri suke, ana kiransa Paradis, kuma a hayin teku akwai ƙasashe da jiragen ƙasa da jaridu. Su mutanen ganuwa wata ƙabila ce, Eldiya, da kakanninta suka mulki duniya da ƙarfin dodanni tsawon ƙarnoni, suka zalunci al'ummai. Da mulkin ya faɗi, sarkinsu ya kwashe wasu ya shige tsibiri ya shafe musu tunanin abin da ya wuce. Waɗanda aka bari a ƙasar Marley, a hayin tekun, aka killace su a unguwanni, aka ɗaura musu ƙyalle a damtse, aka koya wa 'ya'yansu cewa jininsu na shaiɗanu ne. Wanda ya yi tawaye a yi masa allura ya rikiɗe dodo, a sake shi a tsibirin. Dodon da ya ci mahaifiyar Eren mace ce mai suna Dina, uwar wani yaron, wadda aka yi wa allurar nan mijinta yana kallo.

Isayama ya taɓa faɗa cewa tunanin dodannin ya zo masa ne lokacin da yake aiki a shagon intanet, wani bugagge ya ci kwalarsa, ya ji tsoron tsayawa gaban mutum ɗan'uwansa da ba yadda za a yi su fahimci juna. Da na ji wannan sai labarin gaba ɗaya ya zauna mini.

Zango na huɗu shi ne inda na ce aikin nan ya wuce sa'o'insa. An ɗauke ka daga mutanen da ka shekara kana so, an kai ka hayin teku, cikin unguwar Liberio, wurin abokan gaba. A can ka ga waɗanda suka fasa ganuwa a kashi na farko yara ne masu iya rikiɗewa dodo, ɗaya daga cikinsu, Reiner, yana ɗan shekara 12 a lokacin. Uwarsa ce ta tura shi aikin soja don gidansu ya samu 'yancin zama cikakkun 'yan ƙasa, alhali ta san wanda ya gaji ƙarfin dodo shekara 13 kawai ta rage masa a duniya. An gaya masa shaiɗanu zai je ya hallaka. Ya je ya zauna da su shekara biyar, ya ci abinci da su, ya tarar mutane ne, har hankalinsa ya rabu biyu. Ya dawo gida ana yi masa kallon gwarzo, shi kuwa yana kulle kansa a ɗaki da bakin bindiga a bakinsa.

Sai ga Eren ya tsallako teku ya yi wa Liberio abin da aka yi wa Shiganshina. Gini ya danne iyaye, tarkace ya murƙushe yara. A cikin masu kallo akwai wata yarinya, Gabi, 'yar shekara 12, mai zafin kai da rantsuwa irin ta Eren sak. Ta ɗauki bindiga ta haye jirgin maharan ta harbe Sasha, wadda duk mai kallo yake ƙauna, yarinyar ƙauye mai son abinci da ta ba mu dariya tun zangon farko. Na tsani Gabi a daren nan. Na kwana ina fatan a kashe ta. Sai da gari ya waye na tambayi kaina me ta yi da ban tafa wa Eren a kansa ba. An kashe mata abokai a gabanta, ta rama. Bambancin kawai shi ne shi na san uwarsa, ita ban san tata ba.

Akwai wani wuri da na maimaita ya fi sau biyar. Gabi ta tsere daga kurkuku, ta faɗa hannun wasu manoma masu riƙon marayu, suka ba ta abinci da wurin kwana, ba su san ko wace ce ba, ita ma ba ta san iyayen Sasha ba ne. Gaskiya ta fito a wani gidan abinci. Mai dafa abincin, fursunan yaƙi da ya so Sasha, ya miƙa wa mahaifinta wuƙa ya ce ga wadda ta kashe maka 'ya. Dattijon ya karɓi wuƙar. Ɗakin ya yi tsit, matarsa tana gefe. Ya kalli wuƙar, ya fara magana a hankali kan yadda ya tashi 'yarsa a daji tana farauta, ya fitar da ita don ta samu rayuwa, ashe duniyar ma wani babban daji ne da ake ci ko a cinye ka. Ya ce 'yarsa ta shiga garin wasu ta yi harbi, ita ma aka harbe ta, kuma nauyin manya ne su ɗauki laifin da ya gabata su fitar da yara daga dajin nan. Ya miƙa wa matarsa wuƙar ta ajiye. Ba a gama sauke numfashi ba sai wata marainiya da Sasha ta taɓa ceta, wadda ta zama ƙawar Gabi, ta zari wuƙa ta yi kanta tana kuka tana kiranta mai kisan kai. Marubucin bai bar yafiyar dattijo ta wanke komai ba. Ya san uba na iya haɗiye zuciya, yarinyar da ke gefensa ta kasa.

Ba zan ɓoye dalilin da wurin nan ya taɓa ni ba. Ina zama a majalisa. Na san abin da ake faɗa duk ranar da labari ya zo an tare matafiya a hanya ko an ƙona ƙauye. Akwai kalmar da ke fitowa, "su". Su ai haka suke. Su ba a zama lafiya da su. A gama da su kawai a huta. Wani lokaci "su" ɗin Fulani ne, wani lokaci mutanen wani addini, wani lokaci wata ƙabila, kuma na tabbata a wata majalisar mu ne "su". Wanda ya bi yadda rikicin Zamfara ya ruru ya san zagayen: a sace shanu, 'yan sa-kai su kama wanda suka samu a kasuwa don kamanninsa, 'yan bindiga su dawo su tashi gari, yaron da ya ga gawar ubansa ya girma da abu ɗaya a ransa. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma yawanci da sha'awa muke faɗar haka. Mun haddace ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, muna karanta ta, amma ranar da jini ya zuba sai mu nemi ɗan'uwan mai laifi. Wa'azi yana gaya maka haramun ne, kuma gaskiya ne. Fim ɗin nan kuwa ya bar ni na yi fatan a shafe wata al'umma da bakina, na ji daɗin fatan, sannan ya kama hannuna ya zagaya da ni gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

Masu suka suna da hujjoji, kuma wasu na yarda da su ɗari bisa ɗari. Na farko jini. Ana cizge mutane biyu, ana tattake yara, ana azabtar da fursuna. Ƙasar Sin ta sa shi cikin jerin finafinan zane 38 da ta haramta a 2015. Ni ban goyi bayan haramci ba, amma wallahi ba na yara ba ne. Kwanaki na shiga gidan yayata na tarar ɗanta, ɗan aji uku a firamare, ya ƙura wa wayarta ido, fuskarsa a yamutse. Na leƙa na ga daidai wurin da ake cin mahaifiyar Eren. Na ce, "Yaya, kin san abin da yaron nan yake kallo?" Ta ce, "Katun ne, na ba mai tura finafinai na ce ya zuba masa na yara." Shi mai shagon ya ga zane ya haɗa da su kyanwa da ɓera ya tura. Yaron ya yi kwanaki ba ya yarda ya kwana sai a jikin uwarsa. Ra'ayin Kawu ne ya haifi wannan, domin da mun ɗauki zane da muhimmanci da mun tambayi abin da ke ciki kafin mu miƙa. A ganina wanda bai kai shekara 17 ko 18 ba bai kamata ya kalla ba, kuma masu tura finafinai su ji tsoron Allah su riƙa dubawa.

Masu cewa akwai abubuwan da suka saɓa wa aƙida, kamar wata baiwa da ta samu ƙarfi daga wata halitta, da matattu masu magana a wata duniya, amsata gajeriya ce. Tatsuniya ce, kuma ba ta kiran kowa ya bauta wa komai. Babban da ya san addininsa ba ya rikicewa da Gizo da Ƙoƙi. Ta fuskar tsiraici ma ya fi yawancin finafinan zanen Japan kamun kai nesa ba kusa ba, matan cikinsa sojoji ne da kaki da wando kamar kowa, ba a mayar da jikinsu abin talla ba.

Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta ƙyallen damtse. Kowa ya san daga ina aka aro shi: abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawan Turai. Matsalar ita ce a cikin labarin, mutanen da ake tsangwama da gaske suna iya rikiɗewa dodanni, da gaske kakanninsu sun yi zalunci. Ke nan tsoron da ake musu yana da tushe, alhali a tarihin gaskiya ƙarya ce aka ƙulla wa bayin Allah. Wannan aro bai yi kyau ba, kuma ban ga amfanin kare shi ba. Ƙarshen labarin ma ya zo da gaggawa, batun ganin gaba da baya ya cukurkuɗe har ya kusa rage wa Eren alhakin abin da ya zaɓa da kansa.

Sai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba laifin marubucin ba ne kacokan. Eren ya saki dubban dodannin da ke ɓoye a cikin ginin ganuwar suka tattake duniya, suka hallaka kashi 80 cikin 100 na 'yan Adam, kuma har yau akwai samari da yawa da ke ɗaukarsa gwarzo, suna sa hotonsa a shafukansu. Ƙanena yana cikinsu. Ya kammala jami'a, yana da hankali, shi ya fara tura mini fim ɗin ma. Muka zauna bayan kashi na ƙarshe ya ce, "Yaya, to me kake so ya yi? Duniya gaba ɗaya ta haɗu za ta shafe su. In bai riga su ba su za su riga shi." Na ce masa tambayar tana da nauyi, kuma fim ɗin bai yi ƙaryar cewa akwai amsa mai sauƙi ba, shi ya sa nake girmama shi. Amma na tuna masa Ramzi.

Ramzi yaro ne ɗan gudun hijira a hayin teku, yana kwana a tanti da danginsa, yana yankan aljihu don su ci. Mutanensa ba su da hannu a rikicin kowa, har sun taɓa karɓar su Eren baƙunta suka shayar da su. Eren ya tarar ana dukansa a lungu ya cece shi, alhali ya riga ya san nan gaba shi zai kashe shi. Ya durƙusa gaban yaron yana kuka yana ba shi haƙuri, yaron yana kallonsa bai gane ko kalma ɗaya ba, don harshensu ba ɗaya ba ne. Da ranar ta zo ba a kawar da kyamara ba. An nuna Ramzi yana gudu da 'yan kuɗin da ya tara, an nuna gini ya danne shi, an nuna tafin ƙafar dodon yana saukowa.

Na ce wa ƙanena ya koma ya sake kallon wurin nan shi kaɗai, ya ajiye Eren a gefe, ya kalli yaron kawai, sannan ya zo ya maimaita mini abin da ya faɗa. Ya ce zai kalla. Mako uku ke nan, mun haɗu sau da yawa, mun yi hirar ƙwallo da tsadar mai, bai sake tayar da zancen ba, hoton Eren kuma yana nan a wayarsa.